Mamuda A-Tura da Motar da Ba Ta Caji

A Jiga Makera aka haifi Mamuda, a nan kuma ya tsufa. Manomin albasa ne kamar mahaifinsa, siriri mai dogon wuya, wanda ba ya gaggawa a kan komai. Idan ka gaishe shi sai ya ɗan yi shiru tukuna, kamar yana bincika ko da gaske lafiya ya kwana, sannan ya amsa. Halinsa da kowa ya sani shi ne ba ya barin abu sai ya gano dalilinsa. Akwai shekarar da ya bar ban-ruwa ya bi wata akuya har bayan gari, don kawai ya ga abin da ke sa ta dawo gida da jan baki. Ya tarar tana lasar tukunyar wata mata mai rinin kaba. Ya dawo albasa ta yi yaushi, amma hankalinsa a kwance.

A lokacin Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin Jihar Sakkwato. Albasa ta yi masa kyau shekaru a jere, ya gaji da zaman jiran manyan motoci a bakin hanya yana kallon kayansa suna ruɓewa a buhu. Sai ya tafi Jega ya sayo wata tsohuwar a-kori-kura. Tsohuwa ce ta gaske, sitiyarinta ma a dama yake, tun zamanin da ba a canja hannu ba. Ba wanda ya san launinta na asali, don kowane ƙyaure da irin nasa. Wanda ya sayar masa ya koya masa tuƙi a wani fili bayan kasuwa, ya kuma nuna masa wata 'yar jar fitila a gaban direba ya ce kada ya damu da ita, ado ce.

Kwanakin farko motar ta yi halin kirki. Sai wata safiya Mamuda ya murɗa makulli, ta ce "ƙyat", ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko "ƙyat" ɗin ma ta hana shi. Mutane suna fitowa daga masallaci ya roƙe su suka tura, ta yi tari, ta tashi. Washegari haka. Jibi haka. Kafin wata ya ƙare, sunansa ya koma Mamuda A-Tura, kuma wasu magidanta sun fara bin ta bayan masallaci idan an sallame, wai suna da uzuri.

Mamuda ba ya son nauyaya wa jama'a. Ya kwaso jar ƙasa a jaki ya tara tudu a ƙofar gidansa, ya daddaɓe shi. Kullum da yamma sai ya hau da motar da baya, ya sa dutse a taya. Da safe ya janye dutsen, ya yi tsalle ya shiga, ta gangaro, ya saki kuloci ta kama. Daga nan ya zama masanin gangara. Ya san inda ƙasa ta karkata a Aliero, ya san na bayan tashar Maiyama, ya san wani gangare a Dangamaji da ba ya ganuwa ga ido sai an zuba ruwa. Akwai ɗaurin auren da ya ƙi zuwa da mota, ya ce gidan a kwari yake. Idan batir ya mutu murus har fitilun gaba suka daina ko ja, sai ya cire shi ya ɗora a ka, ya kai wa mai caji a Jega.

Amma tudu dabara ce, ba dalili ba, shi kuwa dalili yake nema. Don haka ya kai ta wajen Maccido mai wayarin, wanda rumfarsa ke kusa da tashar Jega. Maccido gajere ne mai ƙiba, mai son bayani, kuma ya iya aikinsa.

"Ka gani," in ji Maccido yana buɗe bonet, "batir kamar randa yake. Dainamo shi ka ɗebo ruwa shina zubawa. In randa ta ƙahe, ko dai ta tsage, ko mai ɗebowa ya yi kwana, ko igiyar guga ta tsinke. Wagga jar hitila da anka ce maka ado ta, ita ka hwaɗa maka ba a zuba komi."

Ya danna fambel, belin da ke juya dainamo, da babban yatsa, ya ga da ɗan sanyi, ya ɗaure shi. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batir, ya wanke da ruwan zafi. Ya leƙa ramukan batir ya ƙara musu ruwa. Sannan ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar fasinja, ya durƙusa da gwiwa a daɓen motar, ya miƙa wuya don ya ga fitilar da kyau.

"Taka totur."

Mamuda ya taka. Jar fitila ta yi ƙifi-ƙifi, ta mutu.

"Shi ke nan, ta warke. Allah shi kiyaye hanya."

Mamuda ya fito da murna. Bai kai ƙarshen layin masu tireda ba fitilar ta dawo, ja zur, kamar ba ta taɓa tafiya ba. Ya juya ya koma. Maccido ya sake durƙusawa, ya ce a taka, ta sake mutuwa. Ya dubi Mamuda da irin kallon da ake yi wa mai yawan mafarki.

Haka suka yi ta yi har rani ya yi nisa. Maccido ya sauke dainamo ya buɗe, ya canja masa gawayin ciki duk da bai cinye ba. Ya haɗa shi da batir a kan benci, ya juya lafiya lau. Ya canja katawut, wato ɗan akwatin da ke tsare wuta tsakanin dainamo da batir. Ya ara masa batirin wata motar. A rumfar Maccido motar ba ta da ciwon komai. Da ta bar rumfar sai ciwon ya tashi. Har Maccido ya fara ɓuya bayan tulin tsofaffin batura idan ya ji tarinta daga nesa. Shi kuwa Mamuda ya yanke cewa motar tana jin nauyin Maccido ne, kamar yadda mara lafiya ke miƙewa idan ya ga mai magani.

Ana cikin haka Gwaggo Kulsum ta shigo maganar. Ƙanwar mahaifin Mamuda ce, tana zaune a gidansa tun da mijinta ya rasu, tana sana'ar daddawa. 'Yar mitsitsiya ce, iska mai ƙarfi na iya ɗaukarta, amma idan ta kira sunanka daga cikin gida sai na bakin rijiya ya waiwaya. Ta yi shekaru tana zuwa kasuwanni a ƙasa da ƙwarya a ka, kuma ta rantse ba za ta taɓa shiga mota ba, ta ce abin da ba ya cin ciyawa ba ya jin "tsaya" ba abin hawa ba ne. Sai ɗiyarta da ke aure a Maiyama ta haihu, kuma ƙafar Gwaggo ta dama tana ciwo a makon. Ba yadda ta iya. Ranar suna aka ɗora ta a gaba, tana ta yi wa mutanen gida wasiyya.

Da Mamuda ya janye dutse motar ta gangaro daga tudu, Gwaggo ta ƙanƙame ƙofa ta saki salati. Ba ta daina ba har suka hau babbar hanya. Mamuda ya saci kallon gabansa, ya ga babu jar fitila. Ya murtsuke ido. Babu ita. Suka wuce Jega, suka haye gada, suka shiga Maiyama, ba ta dawo ba. Bisa sabo ya ajiye motar a gangaren bayan tasha. Bayan an ci an sha, sai ya ce bari ya gwada makulli don ya ji. Ya murɗa, ta tashi nan take, kamar sabuwa. Mamuda ya zauna riƙe da sitiyari, idanunsa suka cika da ƙwalla.

"Mi yas same ka?" in ji Gwaggo.

"Ba komi, Gwaggo. Hayaƙi na."

Washegari ya fita shi kaɗai, fitila ta kama tun daga ƙofar gida. Sai ya shiga bincike irin nasa. Ya fara da nauyi, ya ɗora buhun albasa a kujerar da Gwaggo ta zauna, fitila ba ta mutu ba. Ya ce to ko wari ne, ya ɗora ƙwaryar daddawa ya rufe gilashi, ya je Aliero ya dawo yana hawaye, fitila na nan. Ya sa matarsa Zuhura ta aro masa mayafin Gwaggo, ya lulluɓa wa buhun. Fitila ba ta ruɗu ba. Ya ɗauki Zuhura kanta, ita kuwa daɗin iska ya sa ta yi ta dariya tana ɗaga wa mutane hannu, fitila ko gezau. A ƙarshe ya ce lalle salatin ne, ya tafi wajen Malam Junaidu, malamin makarantar allon unguwarsu, dattijo mai jiki da sanyin hali.

"Allah shi gafarta Malam, so nike ka raka ni Aliero kana karatu."

Malam ya saurari bayanin duka bai katse shi ba. Ya ce ambaton Allah alheri ne a mota ko a ƙasa, amma shi a saninsa ciwon ƙarfe wajen maƙeri ake kai shi. Duk da haka ya shiga, don dama yana da ziyara a Aliero. Ya yi addu'ar hawa, ya ja carbi kaɗan, iska ta buge shi, barci ya kwashe shi. Da suka isa ya farka ya tambaya, "Ta mutu?" Mamuda ya ce ba ta mutu ba. Malam ya ce to ai ya gaya masa, ya sauka.

Saura hanya ɗaya. Mamuda ya sami Gwaggo a tsakar gida tana tsince kalwa, ya tsuguna nesa kaɗan, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Wato ni za ka maida kayan gyaran mota?"

"A'a, Gwaggo. Albarkarki ta motar ka so."

"Albarkata ba ta son mota."

Zuhura ce ta gyara zancen. Ta ce ai daddawar Gwaggo ba ta taɓa zuwa Jega da ɗuminta ba, kullum sai ta sha rana a hanya. Gwaggo ta ci gaba da tsintar kalwa. Can ta ce za ta gwada, amma da sharaɗi: a sa mata matashi, kada kowa ya taɓa ƙwaryarta, kuma duk inda ta ce a tsaya a tsaya.

Haka Jiga Makera ta saba ganin su. Albasa a baya, Mamuda a dama, Gwaggo a hagu ta ƙanƙame ƙofa tana salati da ƙarfi. Batir ya cika ya batse. Ciyawa ta fito a kan tudun ƙofar gida, awaki suka maida shi wurin hutawa. Daddawar Gwaggo ta yi suna a kasuwanni uku. Direbobin tasha suna zuwa leƙen ta, wani ma ya tambayi Mamuda a asirce ko tana da ƙanwa. Da Maccido ya ji labari ya ce shi bai taɓa ganin haka a aikin wayarin ba, amma tunda Mamuda ya daina zuwa rumfarsa, Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya.

Sai dai mutum yana sabawa da komai. Sannu a hankali Gwaggo ta saki ƙofa. Ta fara cin goro a hanya. Ta fara nuna wa Mamuda gonakin mutane tana faɗin wanda ya yi lalaci da ban-ruwa. Wata rana ta naɗe ƙafafunta a kan kujera kamar tana kan tabarma, ta yi gyangyaɗi. A ranar jar fitila ta dawo.

Mamuda ya sa ido. Ya lura fitilar tana mutuwa ne a wurare kaɗan: idan za su hau gada, idan babbar mota ta wuce su da iska, idan jaki ya faɗo hanya. A duk wuraren nan Gwaggo takan zabura ta yi salati. Ya roƙe ta ta riƙa yi ko ba komai. Ta yi masa, a natse, da murya mai daɗi, tun daga Jiga har Aliero. Fitila ba ta kula ba. Nan Mamuda ya kai ga abin da ya ɗauka shi ne dalili, kuma bai ji daɗinsa ba. Motar ba salati kawai take so ba, sai na tsoro.

Ya yi kwanaki yana jayayya da zuciyarsa. Amma albasa na jira, kuma ya riga ya manta nauyin batir a ka. Wata safiya suna cikin tafiya ya ce a hankali, "Gwaggo, kin ji wani ƙauri?" Gwaggo ta zabura, fitila ta mutu har Jega. Washegari ƙauri bai yi aiki ba, sai ya ce yana jin kamar taya na rawa. Bayan nan ya ce birki ya yi sanyi. Kowace ƙarya kwana biyu take yi ta tsufa. Da maganganu suka ƙare sai ya koma aiki. Mutumin da bai taɓa wuce keke a hanya ba sai da sallama, ya fara bin manyan motoci yana tsere da su. Yana kusantar bakin rami ya kauce. Yana faɗa wa gargada da gangan. Kuma duk wannan yana yin sa ne da fuskar mai zaman makoki, don tausayin Gwaggo na cin sa. Idan sun dawo gida ba ya iya cin tuwo. Zuhura ta tambaye shi, ya ce caji ne.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne zuciyar Gwaggo tana ƙara tauri. Gudun da ya firgita ta wancan mako, wannan makon sai ta ce, "Hala yunwa kake ji?" Masu neman a rage musu hanya suka daina tsayar da shi. A Dangamaji, wata rana da hantsi, garin kauce wa ramin da shi da kansa ya nufa, ya sauka daga hanya ya ratsa ta cikin garken zabi, ya bi ta kan kunyoyin wani mutum, ya tsaya a gindin tsamiya da zabuwa ɗaya zaune a kan bonet. Ba wanda ya ji ciwo. Mai gonar ya zo da fartanya a hannu, ya ga tsohuwa a gaba tana gyara ɗaurin kallabi, sai ya ajiye fartanyar, ya taya su turawa.

Labarin ya riga su isa Jega. Wannan karon Maccido ne ya aika a kira Mamuda.

"Kai, za ka kashe tsohuwar mutane a kan batir. Gobe in za ku Maiyama ku biyo ta nan. Ni ma za ni, in gani da idona."

Da yake bai dace ya matsu da Gwaggo a gaba ba, sai ya hau baya ya kwanta rub da ciki a kan buhunan albasa, ya zuro kai ta tagar bayan direba, wadda gilashinta ya daɗe da fita. Daga nan yana ganin fitilar, yana ganin su duka biyun. Suka kama hanya. Fitila ja, Gwaggo na ɓare goro.

"To, ba ta tsoro mu gani," in ji Maccido a kunnen Mamuda.

"Ba ta jin komi yanzu," Mamuda ya amsa da raɗa. "Sai dai gada."

Ba su kai gada ba Allah ya kawo wani raƙumi da ya tsinke daga hannun mai shi, ya fito daga bayan wata kuka ya tsaya a tsakiyar hanya. Wannan ba shirin kowa ba ne. Mamuda ya taka birki da gaske, Gwaggo ta ƙwala salati, fitila ta mutu, Maccido ya zame ya shigo har kafaɗa ta tagar, kansa ya rataya ƙasa. A haka, yana kallon duniya a kife, ya ga abin da ba wanda ya taɓa dubawa. Ƙafafun Gwaggo biyu sun sauko daga kujera sun dafe daɓen motar da iyakar ƙarfinta, tana taka birkin da babu shi.

"Tsaya! Gwaggo, kada ki ɗaga ƙahwa! Mamuda, taka totur!"

Aka taka, fitila a mace.

"To ɗaga."

Ta ɗaga, fitila ta kama.

"Taka."

"Kai wane na da za ka sa ni rawa a mota?" in ji Gwaggo. Amma ta taka, fitila ta mutu.

Aka jawo Maccido ta ƙafa aka fitar da shi. Ya zagayo ya yaye tsohuwar tabarmar da ke shimfiɗe a wajen ƙafar fasinja. Daɓen ya yi tsatsa, gefe guda ya rabu da jikinsa yana lilo. A ƙarƙashinsa akwai wata waya mai kauri, saƙaƙƙiya kamar igiya, wadda ke haɗa gidan direba da ƙashin motar. Ta nan wuta ke bi ta koma, kuma katawut a jikin gidan direban yake ɗaure. Wayar ta tsinke daga ƙasa, laka ta rufe wurin, bakinta na rataye bai fi faɗin yatsa ba daga ƙarfen. Idan an danna daɓen sai ta taɓa, caji ya tafi. Idan an saki sai ta ɗaga.

Maccido ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya dubi gwiwarsa, ya dubi inda yake durƙusawa duk lokacin da aka kawo masa motar. Dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa, yana nuna gwiwar. Mai raƙumi, da ya zo ba da haƙuri, ya tsaya yana kallonsu, ya ja dabbarsa ya tafi.

Gyaran bai kai shan fura daɗewa ba. Maccido ya kankare tsatsa, ya huda, ya ɗaure wayar da sabon noti. Mamuda ya tayar, Gwaggo na tsaye a waje, fitila ta mutu ta zauna a mace. Ya kashe ya sake tayarwa. Ya sa Maccido ya matsa nesa, ya ƙara matsawa, har bayan kuka. Ba ta dawo ba. Fuskar Mamuda ta washe, ya fara bayani da zumuɗi, yadda ya bi abin daki-daki, yadda ya gane tsoro ne, yadda ya fara da ƙauri, sannan taya, sannan birki. Bai lura da yadda Gwaggo ke kallonsa ba.

"Dakata," in ji ta. "Ƙaurin nan, ba a yi shi ba?"

Mamuda ya yi shirunsa na kullum, amma wannan karon bai taimake shi ba.

"Birkin da kac ce ya yi sanyi? Zabin Dangamaji? Wato dut wanga tsoro da nis sha, da gangan na?"

"Gwaggo, raƙumin ba ni na ba."

Ta cire takalminta ɗaya ta jefe shi, ta same shi a dogon wuyan nan. Ta je ta ɗauko takalmin ta sa, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa. Mamuda ya bi ta da mota a hankali yana roƙo ta taga, Maccido na zaune a kan albasa, har mutanen da ke wucewa suka ɗauka rakiya ce ta girmamawa.

Damina guda ba ta yi masa magana ba. Idan tana son a ba shi saƙo sai ta gaya wa Zuhura, ko da yana tsaye a wurin. Malam Junaidu ne ya sasanta su bayan girbi. Ya ce Mamuda ya yi laifi, tsoratar da babba ba wasa ba ne, ya durƙusa ya nemi gafara a gaban mutanen gida. Mamuda ya yi, da hawayensa. Gwaggo ta ce ta yafe, amma kujerar gaba tata ce har ta mutu, ko motar na buƙata ko ba ta buƙata.

Da suka koma hanya Mamuda ya koma tuƙinsa na asali, a hankali, yana ba kowa hanya. Ba su yi nisa ba Gwaggo ta fara tsaki.

"Wagga tahiya ta mi ce? Jaki muka hawa? Ga mai keke can zai wuce mu."

Shekarun da suka biyo baya haka aka yi su. Tana cewa ya taka, yana cewa hanya ba kyau. Tana zagin duk direban da ya wuce su, tana leƙa kai ta taga tana gaya masa asalinsa. A tashar Jega an fi jin tsoronta fiye da kowane direba.

Bayan rasuwar Gwaggo, Mamuda ya ce motar ta yi masa faɗi. Wani mutumin Sarandosa mai suna Barau ya zo saye. Mamuda ya gaya masa gaskiyar komai, ya buɗe bonet, ya yaye tabarma ya nuna masa wayar da notin. Barau ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ranar da ya zo ɗauka sai ga shi da wata tsohuwa doguwa mai fuskar fushi, ya buɗe mata gaba ta zauna. Mamuda ya sake yi masa bayanin wayar tun daga farko. Barau ya ce ya ji, amma shi ba ya son ganganci da dukiya.

Mamuda ya koma gonarsa. Ya yi tsawon rai, har ya ga an yanke Jihar Kebbi. A shekarunsa na ƙarshe jikokinsa suka kawo masa rediyo, ya zauna da ita a zaure, yana juya ta gabas da yamma, don ya lura ta fi magana sosai idan ya riƙe ta da hannun hagu. Yana cikin wannan binciken ajali ya same shi, wata Alhamis bayan la'asar, aka kai shi kafin magariba.